Talla na kawo mutane, amma ciniki ba ya faɗawa: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da abaya da mayafai a Kano, ta Instagram da WhatsApp. Watan da ya wuce na kashe naira 120,000 a tallan Facebook da Instagram. Saƙonni kusan 400 suka shigo, amma abaya 10 kacal na sayar. Yawancin abayoyina naira 35,000 ne, ribata a kowace ɗaya kamar 8,000. Daga sun ce "nawa ne?" na faɗa musu, sai su ɓace. Wani ya ce in buɗe shafin intanet nawa na kaina, wani kuma ya ce sai na koyi dabarun ilimin halayyar ɗan Adam irin na manyan kamfanoni. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa kasuwa albarka. Sana'ata ke nan, haɗa wa 'yan kasuwa shafuka da kula musu da talla, kuma irin wannan koken naki shi ya fi yawan zuwa gabana. Shawarata ita ce ki dakatar da tallan na ɗan lokaci, kada kuma ki ba kowa kuɗin haɗa shafi tukuna. Tallanki bai gaza ba, tunda ya kawo miki mutum 400 har cikin wayarki. Kuɗinki yana zubewa ne a tsakanin "nawa ne?" da "na tura", kuma a wannan tsakanin ne sanin halin mai saye da iya tsara shafi suke da amfani.

Bari mu fara da lissafi, don shi zai nuna miki inda za ki sa ƙarfinki. Naira 120,000 a kan saƙo 400, kowane saƙo ya tsaya miki a naira 300. Amma da yake mutum 10 ne suka saya, kowace mai saye ta tsaya miki a naira 12,000, ga shi ribar da ta bar miki 8,000 ce. Ke nan duk abayar da ta fita ta hanyar tallan nan, ke kika cika naira 4,000 daga jakarki. Ki kuma duba ko harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya fara ɗora wa masu talla a Najeriya tun Janairun 2022 yana cikin wannan 120,000 ko a kansa yake, don mutane da yawa ba sa sa shi a lissafi. Yanzu ki juya lissafin. Mutum ɗaya cikin 40 ne ya saya. Da ɗaya cikin 20 ne, da abaya 20 kika sayar, ribar ta kai 160,000 a kan wannan kuɗin tallan dai, ba ƙarin ko kwabo. A abaya 15 kuɗin tallanki yake dawowa cif. Ashe abin da ya raba ki da riba mutum biyar zuwa goma ne daga cikin 390 da suka yi miki magana suka tafi.

Talla kamar yaron da ke tsaye a bakin layi ne a Kantin Kwari yana cewa "Hajiya, shigo ki gani". Da zarar ta sa ƙafa a shago aikinsa ya ƙare. In ta tarar da shagon da duhu, kaya a jibge, mai shago ya juya baya yana waya, fita za ta yi, kuma ko yara goma aka ƙara a bakin layin ba su hana ta fita.

To me ke riƙe hannun wadda ta rubuto miki? Ba rashin so ba ne, da ba ta so da ba ta danna ba. Wasu dai kuɗin ne babu, waɗannan ba abin da za ki yi musu. Amma mafi yawan waɗanda ke da kuɗin, tsoro ne ke hana su. Wasu masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna a binciken da suka wallafa a 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin samu nauyi a zuciyar mutum, daga baya ma suka ƙiyasta shi da kusan ninki biyu. Irin wannan aiki ne ya sa Kahneman ya samu kyautar Nobel a 2002. In aka kawo maganar kasuwarki, daɗin samun abaya mai kyau bai kai zafin tura naira 35,000 ga wadda ba ta taɓa gani ba, gari ya waye an yi bulokin ɗinta. Kuma tsoron nata yana kan hanya. Da wuya ki samu mai sayayya a intanet da ba ta san wata da aka cuta ba: ko an karɓi kuɗi an ɓace, ko an nuna yadi mai nauyi an aiko da shara-shara, ko kalar da ta gani a hoto daban da wadda ta fito daga leda. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Don haka aikinki na farko ba ƙara mata kwaɗayin kayan ba ne, cire mata wannan tsoron ne, kuma kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan haka yake.

Ki ɗauki wayar wata ki shiga shafinki na Instagram kamar baƙuwa. Akwai abin da ya nuna cewa mutum ce ta gaske a bayan shafin? In kina da shago, a rubuta layi da lamba, a sa ɗan gajeren bidiyo daga bakin ƙofa zuwa cikin shagon. In daga gida kike sana'ar ba sai kin nuna gidanki ko fuskarki ba, muryarki ta isa, da wurin da za a iya zuwa a karɓi kaya hannu da hannu. Sai sunan asusun banki, wanda ƙananan 'yan kasuwa suke raina wa amma yana kashe ciniki da yawa. Sunan shafi daban, sunan da ya fito a wurin tura kuɗi na wani namiji da ba a taɓa ambata ba, nan take hannu yake tsayawa. Ki yi wa kasuwancinki rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ki buɗe asusu da sunan kasuwancin, yadda sunan da ta gani a talla shi za ta gani a lokacin transfa.

Hotunan kaya su zama naki. Hoton da aka ɗebo daga shafin wani kanti na Dubai yana da kyau, amma mata sun riga sun gane shi, kuma sun san goma irinki suna amfani da shi. Ki ɗauki bidiyo a hasken rana, ki kama yadin ki murza, ki ɗaga shi a ga ko yana nuna jiki, ki juya cikinsa a ga ɗinkin. Baƙar abaya tana da wuyar ɗauka, kyamarar waya takan mayar da ita ruwan toka ko ta ɓoye adon, saboda haka ki tsaya kusa da taga, kada ki yi amfani da tacen da ke canza kala. Ki faɗi tsawo da inci, 54 ne ko 56 ko 58, ki kuma faɗi tsawon wadda ta saka ta a bidiyon, domin "za ta yi mini?" tambaya ce da ke cikin ran kowace mai saye ko ba ta furta ba.

Sai ƙa'idar mayar da kaya. Na san abin da za ki ce, wasu za su saka su je biki su dawo da ita. Za a samu, amma ba su kai yawan waɗanda rashin ƙa'idar yake kora ba. Ki rubuta a fili: in kaya ya iso ba yadda aka nuna ba, ko bai yi daidai ba, ana canzawa cikin kwana kaza, matuƙar ba a cire tambarin ba. A cikin gari kuma ki yarda a biya bayan an gani. Jumia da Konga, da suka fara a 2012, da tsarin biya in kaya ya iso suka jawo 'yan Najeriya cikin sayayya ta intanet, don sun gane matsalar ta yarda ce. Ke ba za ki iya hakan zuwa Maiduguri ko Sakkwato ba, amma za ki iya karɓar kuɗin mota kawai a farko, ko ki tura hoton kayan a ɗaure da sunanta a jiki, da lambar direba da tashar da motar za ta sauka, tun kafin ta tambaya.

Maganar farashi kuma, ki rubuta shi a jikin tallan. Wannan al'ada ta "a yi DM don jin farashi" tana cikin abubuwan da suka cinye miki kuɗi. Meta yana nemo miki irin mutanen da kika ce ya nemo. In kin ce masu turo saƙo kike so, zai kawo miki waɗanda suka fi saurin turo saƙo, kuma talla marar farashi yana tara masu son jin farashi kawai, kowannensu kin biya masa naira 300. Ranar da kika sa farashi saƙonni za su ragu, kuɗin kowane saƙo zai hau, kada hankalinki ya tashi. Wadda ta ga 35,000 kuma ta rubuto, rabin cinikin ya riga ya faɗa. Ɓoye farashi yana da wata illar: mai saye takan ɗauka ana duban hotonta ne a yanka mata kuɗi daidai da yadda aka ga ta.

Yadda kike jera farashin ma yana da tasiri. Waɗancan masana biyu, Kahneman da Tversky, sun yi wani gwaji da aka buga a 1974. Sukan juya wani faifai mai lambobi a gaban mutum, an saita shi ya tsaya ko a 10 ko a 65, sannan su tambaye shi kashi nawa ne na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suke Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya wajen 25, waɗanda suka ga 65 kuma wajen 45. Lambar da ba ta da wata alaƙa da tambayar ta ja amsar zuwa gare ta. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sa suna ya jira tayi ya san wannan tun kafin a rubuta shi. A shafinki, in akwai abaya ta 60,000 da ta 35,000 da ta 22,000, ki fara nuna mai tsadar, ki bayyana abin da ya bambanta su: nauyin yadi, aikin hannu ko na inji, dutse ko zare. Ta 35,000 ita kaɗai a tsaye tana iya zama tsada a ido, amma a tsakanin 'yan'uwanta sai a ga matsayinta. Sharaɗin dai ta 60,000 ɗin ta zama kaya na gaske da ya kai kuɗinsa. Farashi irin 34,999 kuwa ban damu da shi ba a kasuwarmu, mutanenmu dunƙulewa suke yi su ce talatin da biyar.

Kuɗin aike kada ya zama abin da za ta ji a ƙarshe. Cibiyar Baymard, wadda ta daɗe tana nazarin sayayya ta intanet, ta tattara bincike masu yawa ta samu cewa kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka zaɓi kaya ba sa kammala biya, kuma dalilin da ya fi kowane fitowa a binciken nata shi ne ƙarin kuɗin da ya ɓullo daga baya. Mutum ya gama shirya ransa a kan wani adadi, sai a ce masa akwai ƙari, ko ƙarin kaɗan ne ji yake kamar an yi masa wayo. Ki rubuta kuɗin kai kaya cikin Kano, da na Kaduna da Abuja da sauran garuruwan da kika fi aikawa, a wuri ɗaya da farashin.

In ta ce "turo min abin da kike da shi", kada ki zuba mata hoto hamsin. A wani gwaji da Sheena Iyengar da Mark Lepper suka wallafa a 2000, an ajiye tebur a wani kanti a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani lokaci da jam (abin shafa wa burodi na 'ya'yan itace) iri 24, wani lokaci iri 6. Teburin mai iri 24 ya fi tara jama'a, amma kashi 3 cikin 100 na waɗanda suka tsaya ne suka saya, a teburin mai iri 6 kuwa kashi 30. Binciken da aka yi daga baya ya nuna abin ba kullum yake faruwa ba, ya fi ƙarfi in kayan sun yi kama da juna kuma mai sayen ba ta riga ta san abin da take so ba. Baƙaƙen abayoyi hamsin a ƙaramin allon waya kuwa sun cika sharuɗɗan nan biyu. Ki tambaye ta: ta fita yau da kullum ce, ko ta biki, ko ta Umara? Wane tsawo? Sannan ki turo uku ko huɗu, ki ce mata wadda ke kika fi so da dalilinki.

Saurin amsa ba sai na tsawaita ba. Wani bincike da mujallar kasuwanci ta jami'ar Harvard ta buga a 2011 ya samu cewa kamfanonin da suka tuntuɓi mai tambaya cikin awa ɗaya sun fi waɗanda suka ƙara ko da awa ɗaya a kai samun ci gaban magana da kusan ninki bakwai. Wadda ta rubuto miki ta rubuta wa wasu biyu. Kada ki kunna talla a lokacin da kike makaranta ko kicin ko barci, sai in akwai mai riƙe wayar. Ki koma WhatsApp Business in ba a kansa kike ba, ki jera kayanki da farashinsu a kundin kayan da ke ciki, ki tanadi amsoshin da kike yawan maimaitawa. Kuma kada amsarki ta zama "35k" kawai. Ki yi sallama, ki faɗi farashi, ki faɗi irin yadin da tsawon da ake da shi, ki rufe da tambaya mai sauƙin amsawa, kamar garin da take. Saƙon da ya ƙare da lamba shiru ke binsa, wanda ya ƙare da tambaya yakan samu amsa. In ta yi shiru, ki waiwaye ta sau ɗaya washegari cikin mutunci, daga nan ki ƙyale ta.

Yanzu maganar shafin intanet. Yana da amfani, amma a lokacinsa: sa'ad da saƙonni suka fi ƙarfin hannunki, ko kayanki suka yi yawan da kundin WhatsApp ba ya ɗauka da kyau, ko kika fara samun masu saye daga nesa da suke son biya cikin dare ba tare da jiran kowa ba. Shafi ba ya gyara cinikin da bai iya faɗawa a WhatsApp ba, matsalar zai ɗauka ya kai ta wani sabon wuri. In lokacin ya yi, ga abin da na fi dubawa.

A gina shi don waya, kuma ba wayar mai haɗa shafin ba. Masu sayenki yawancinsu Tecno da Infinix da itel ne a hannunsu, da datar da suke lissafinta, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a farkon 2025. Google ya fitar da alƙaluma a 2016 cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna fita in ya wuce sakan uku bai buɗe ba. Abin da ya fi nauyaya shafukan 'yan kasuwarmu hotuna ne da ake ɗorawa yadda suka fito daga kyamara, da bidiyo mai kunna kansa, da hotuna masu zagayawa a saman shafi waɗanda ba mai tsayawa kallonsu. A rage nauyin hotuna, a cire duk abin da ke motsi ba dalili. Akwai ma'aunin Google na kyauta mai suna PageSpeed Insights, ki sa adireshin shafin ki ga sakamakon da kanki.

Kamannin shafi ba ado ba ne kawai, shi ma maganar yarda ce. Masu bincike a jami'ar Carleton ta Kanada sun nuna a 2006 cewa mutum yana yanke hukunci a kan kyawun shafi cikin kashi ɗaya bisa ashirin na sakan, tun bai karanta ko kalma ba. A wani nazarin jami'ar Stanford na 2002 da mutum fiye da 2,600 suka shiga, kamannin shafi ne abin da aka fi ambata wajen yarda da shi ko ƙin yarda. Wannan ba ya nufin ƙyale-ƙyale. Fili mai tsabta, kala biyu ko uku, rubutu mai girman da uwa za ta karanta ba tabarau, hotuna masu bango iri ɗaya. Kada a ƙirƙiro sabon tsari don burgewa, mutane sun saba da inda farashi da maɓallin saye suke a manyan shafuka, a bar su a inda ido zai neme su. Maɓalli ɗaya babba mai kalar da ta fita daban, a inda babban yatsa zai kai, a rubuta masa abin da zai faru in an danna, kamar "Yi oda ta WhatsApp". In Hausawa kike sayar wa, a rubuta shafin da Hausa. Ina mamakin yadda ake yin talla da Hausa, mutum ya danna ya faɗa cikin turancin da ko mai kayan ba haka take magana ba.

Wadda ta danna tallan abaya mai ruwan ƙasa, ta sauka a kan wannan abayar, ba a shafin farko da za ta fara nema ba. Kuma kada a tilasta mata buɗe asusu da kalmar sirri kafin ta saya. Wani masanin tsara shafuka, Jared Spool, ya ba da labarin wani babban kantin intanet da ya cire tilascin yin rajista kafin biya, cinikinsa ya ƙaru da dala miliyan 300 a shekara guda. Suna, lambar waya, gari da unguwa sun ishe ki. Wajen biya kuma a bar mata transfa, don da yawa ba sa son rubuta lambar katinsu a shafin da ba su sani ba. Kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet, Paystack da Flutterwave, duk suna karɓar transfa da kati da USSD, suna kuma tabbatar da shigar kuɗi da kansu, wanda zai raba ki da masu turo rasit na bogi.

Akwai ɓangaren wannan ilimi da zan roƙe ki ki nisanta, kuma shi ne wanda masu koyar da talla suka fi ɗokin koyarwa. Gaskiya ne mutum yana ƙara son abin da ya ga yana ƙarewa, yana kuma bin abin da ya ga jama'a sun bi. Shi ya sa za a ce miki ki rubuta "saura biyu" alhali dila guda ce a ɗaki, ki sa agogon ragi da ke komawa farko kullum, ki soke wani farashin da ba ki taɓa sayarwa a kansa ba, ki sa ƙannenki su rubuto yabo kamar kwastomomi. Yana aiki na ɗan lokaci, ba zan ɓoye miki ba. Amma ko a ƙasashen da aka ƙirƙiro dabarun an fara hukunta masu yinsu. A 2019 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta sa manyan shafukan kama ɗakin otal, ciki har da Booking.com da Expedia, suka ɗauki alkawarin daina matsa wa mutane da irin waɗannan saƙonni masu ruɗi. A ƙarshen 2022 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin wasannin bidiyo na Epic Games ya amince da mayar da dala miliyan 245 ga mutanen da tsarin maɓallansa ya sa suka sayi abin da ba su yi niyya ba. A nan gida ma dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta hana yaudara a talla. Mu kuma muna da abin da ya riga waɗannan duka. Manzon Allah (SAW) ya hana najashi, wato a sa wanda ba saye zai yi ba ya riƙa ƙara tayi don ya ruɗi mai saye na gaske, ni kuwa ban ga abin da ya raba wannan da yabon ƙarya a ƙarƙashin hoto ba. A hadisin Muslim, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji damshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ga kuma lissafin duniya: matan Kano a guruf-guruf suke, na dangi da na makaranta da na unguwa, hoton hirarku ɗaya ya isa ya zagaye su kafin magariba.

Abin da ya sa ma ba kya buƙatar ƙaryar shi ne kina da na gaskiyar. In kala ɗaya saura biyu, ki faɗa. In ranar 25 ga azumi ce ta ƙarshe da za ki iya aika kaya ya isa kafin Sallah, ki rubuta, wannan taimako ne ga mai saye. Yabo kuma ki nema wurin mutum goman nan da suka saya, da izininsu, ki rufe suna da lamba. Saƙon murya na wadda kayanta ya iso ya fi rubutu goma. In wata ta ce kayan ya yi kyau amma ya makara kwana biyu, ki bar shi yadda yake tare da amsar da kika ba ta. Yabon da ba ko ɗigon ƙorafi a cikinsa mutane ba sa gaskata shi.

Ribar talla ta gaske ba a sayen farko take ba. Wadda kika kashe 12,000 kafin ki same ta, in ta dawo da ƙaramar Sallah da babba da bikin ƙanwarta, sayayya uku ke nan ba ko sisin talla. Shi ya sa nake son tsohuwar al'adarmu ta gyara: ɗan turare ko fil ɗin mayafi a cikin leda, ba tare da an yi alkawarinsa ba. Ki ajiye lambarta da garinta da tsawon da ta saya, ki tambaye ta ko tana so ki riƙa sanar da ita in sabon kaya ya zo. Kada ki jefa ta cikin guruf ba izini, kada ki ba wani lambarta. Ban da rashin kyautawa, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi irin wannan.

In za ki koma talla, ki koma da kaɗan, kamar naira 3,000 a rana, ki riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda. Kada ki amince da ɗanɗanonki, ni ma ba na amincewa da nawa sai an gwada. A yaƙin neman zaɓen Barack Obama na 2008 an gwada hotuna da bidiyoyi da maɓallai daban-daban a shafinsa. Ma'aikatan sun fi son wani bidiyo, amma bidiyoyin duka suka zo ƙasa da hotuna, hoton iyalinsa da wani maɓalli mai sauƙi suka ɗaga masu rajista daga kashi 8.26 zuwa 11.6 cikin 100. Su suna da dubban ɗaruruwan masu shiga. Ke da ciniki goma ko ashirin, bambancin mutum biyu bai isa hujja ba, don haka ki ba kowane gwaji sati biyu aƙalla. Ki samu littafi ki ja layi huɗu: kuɗin da ya fita, saƙon da ya shigo, waɗanda suka ci gaba da magana bayan jin farashi, waɗanda suka biya. Yawan masu danna alamar so da yawan mabiya ba su da layi a littafin nan.

Ranar da za ki ba da aikin shafin, ki sa sharaɗi adireshin shafin da wurin ajiyarsa su kasance da sunanki da imel ɗinki, kalmomin sirri a hannunki, kuma ki iya canza farashi da hoto da kanki daga waya. Kada ki biya kuɗin duka a farko. In mai haɗa shafin ya ce ya gama, ki nemo mata biyar da ba su taɓa ganin shafin ba, wani masanin tsara shafuka mai suna Jakob Nielsen ya daɗe da nuna cewa mutum biyar sun isa su tono mafi yawan matsalolin shafi. Ki miƙa wa kowace ƙaramar waya da data, ba wayifai ba, ki ce ta sayi baƙar abaya mai tsawon 56 a kai mata Zariya, ke kuma ki yi shiru ki kalli yatsanta. Duk inda ta tsaya ko ta ɗago ta tambaye ki, ki rubuta. A gyara waɗannan wuraren, sannan ki biya shi ragowar kuɗinsa.